Kofin Ma Rinah

Scipio Capers ya ɗauke kofin mahaifiyarsa daga kan kantar kicin ya sa a aljihun kwat ɗinsa. Ranar Asabar ce da safe, kwana ɗaya da binne ta. Ba wanda ya gan shi.

Kofin tangaran ne fari, da zobe shuɗi a baki. Sau biyu ana liƙe mariƙinsa. Ko a bakin hanya aka yar da shi ba mai sunkuyawa. Amma da shi Ma Rinah ta sha gahawar kowace safiya har ranar Talatar da ta cika, tana da shekara ɗari da ɗaya.

Hagar ce ke haɗa kayan. Ita ce ƙanwar Scipio, kuma cikin 'ya'ya bakwai da Ma ta haifa su biyu suka rage, shi saba'in da takwas, ita saba'in cif. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburin kicin tana jerawa: farantin da Ma ta ci shinkafarta ta ƙarshe, cokalinta, matajinta, kwalbar maganin gwiwa, fitilar ƙwai ta gefen gado, da agogon bango da aka tsayar a ƙarfe tara saura kwata.

Haka ake yi a tsibirin nan tun kafin a yi gadar da ta haɗa shi da tudu, tun kafin a 'yanta kakanninmu daga gonakin shinkafar Carolina. Abin da mamaci ya taɓa a ƙarshe nasa ne. A kai masa kan kabari, a fasa gindin kowanne, a kife. In an ba shi kayansa, ba shi da abin dawowa nema. In an riƙe ko da cokali ne zai zo, kuma wanda ya zo daga can ba ya komawa shi kaɗai.

"Bubba," in ji Hagar. Da wannan sunan take kiran wan nata tun tana koyon magana. "Ina kofin?"

"Wanne?"

"Kofi nawa Ma take da shi?"

"Duba kanta."

"Na duba kanta. Na duba bayan kanta. Har tukunyar wake na leƙa."

"To kin fi ni dubawa."

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Da ƙarya ce sana'arka da yunwa ta kashe ka tun kana saurayi."

Lavinia ta yi dariya daga bakin murhu. Jikar Hagar ce, ta zo jana'iza daga birnin Savannah da cikin wata takwas, tana yanka kuɓewa a tsaye domin zama ya fi mata wuya.

"Kaka, ki bar Kawu Sip ya huta. Wataƙila ɗaya daga matan coci ce ta wanke ta ajiye wani wuri."

"Matan coci sun san kofin nan. Ba mai taɓa shi." Hagar ta ja bakin ƙyallen ta rufe kayan. "Gobe bayan an tashi daga coci za mu kai. Yana da yini guda ya fito da ƙafarsa."

Scipio ya fita baranda. Kujeru biyu ne a wurin. Ya zauna a tasa.

Ruwa ya janye, fadama ta tsaya tsirara har can bakin rafi, sai ƙananan ƙaguwa ke yawo a taɓo. Daga nan Ma ke kallon tsibirin. Ba ta iya karatu ba, amma ta san ranar haihuwar kusan kowa daga nan zuwa mashigar jirgi, don a hannunta suka faɗo. Shekara arba'in tana aikin ungozoma. Takan tura gatari ƙarƙashin gadon mai naƙuda ya yanke zafi, ta kori miji waje, in ya yi gardama ta tuna masa yadda ya fito shi ma, a juye, yana ihu kamar akuya. Manyan mutane masu furfura sukan cire hula in za su wuce ƙofarta. Tana da shekara tamanin tana jefa koma daga kwale-kwale, ta riƙe bakin komar da haƙoranta na gaske. Sau uku kaɗai ta ƙetare gada a rayuwarta, kuma duk sau ukun ta dawo tana cewa mutanen can ba su iya dafa shinkafa ba.

Ita ce kuma mai fasa kayan mamata. Tana da wata ƙatuwar katantanwar teku mai nauyi kamar dutse. Bugu ɗaya take yi, gindin faranti ya fita, bakinsa bai tsage ba. Da ita ta fasa na 'ya'yanta biyar. Ba ta taɓa kuka a maƙabarta ba. Takan ce, "Ga naka nan. Kwanta." Ta juya.

Abin da Hagar ba ta sani ba shi ne, kofin nan ba na Ma ba ne.

Shekarar babbar guguwa Scipio yana ɗan sha uku, Hagar tana biyar. Da safe mahaifinsu, Cato, ya sha rabin gahawarsa ya ajiye, ya ce bari ya je ya jawo kwale-kwale tudu kafin iska ta yi ƙarfi. Teku ta hau tsibirin kafin azahar. Ma ta ɗaure 'ya'yanta bakwai a jikin babban itacen bayan gida da igiyar koma, ta ɗaure kanta a ƙarshe, Hagar a ƙirjinta. Da ruwa ya sauka babu gida, babu kaji, babu Cato. Ba a ga gawarsa ba.

Kwana biyu suna tonon taɓo. Suka sami farantinsa, da askarsa, da takalmi ƙafa ɗaya. Ma ta kai su bakin rafi ta fasa abin da zai fasu ta kife, kamar yadda ake yi. Amma Scipio ne ke kusa da ita lokacin da ta zaro kofin daga ƙarƙashin wani katako. Ko tsaga babu. Ta share shi da bakin riga, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta tura shi cikin ƙirjinta. Da ta ɗago sai suka haɗa ido.

"Ka ga wani abu?" ta ce.

"Na gani, Ma."

"To ka haɗiye shi."

Ya haɗiye, shekara sittin da biyar.

Tun daga lokacin ba ta taɓa shanye gahawarta ba. Rabi take sha, ta ajiye rabi a kan dogarin baranda, katakon da ake jingina a kai, ta shiga aikinta. In rana ta ɗaga ta zubar a gindin ɓaure. Yaran suka ɗauka ɗabi'arta ce. Hagar ma har tsokanarta take yi, wai ɓauren nan ya fi kowa a gidan buɗe ido.

Scipio ya tafi arewa yana ɗan ashirin da takwas. Shekara talatin da ɗaya yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Philadelphia. Ma ba ta taɓa aiko masa da wasiƙa ba. Kowace Kirsimeti dai kwali zai iso, shinkafar gida, busasshen jatan lande, alewar riɗi, ko layi ɗaya babu a ciki. Shi ma bai cika rubutu ba. Aji uku ya yi a makaranta. Da matarsa Odessa ta rasu, ba su kuma sami haihuwa ba, sai ya kulle ɗaki ya miƙa makulli ya hau mota. Ya iso ya tarar da Ma tana gyaran koma a baranda. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Ka rame. Riƙe min nan."

Washegari da safe ta sha rabinta. Ba ta ɗora kofin a kan dogari ba. Ta tura masa shi da yatsa biyu, ba ta ko kalle shi ba. Ya ɗauka ya shanye. Shekara goma sha tara suna haka. Ba hira suke yi ba. Wani lokaci ta ce iska za ta juya, ya ce ya gani. Wani lokaci ko wannan babu.

Ranar Talatar nan ta yi nawa. Tana kurɓa kaɗan kaɗan, shi kuwa yana tsaye da takalmin ruwa, tarkunan ƙaguwa na jiransa a rafi.

"Zauna," ta ce.

"Ruwa na janyewa, Ma."

"Yana janyewa tun kafin a haife ka. Gobe ma zai janye."

"Ƙaguwa ba ta san wannan ba."

"To tafi, sarkin gaggawa. Zan ajiye maka."

Ƙaguwa tara ya kamo. Da ya dawo tana nan a kujerarta, kai ya ɗan karkata, hannuwa a cinya. Kofin na kan dogari. Ta kifa masa ɗan faranti a baki don kada ya huce.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗage farantin ya shanye. Ya yi sanyi sarai. Bayan nan ne ya shiga ya tsayar da agogo, ya kira Hagar.

Yanzu yana zaune a barandar, hannunsa cikin aljihu, babban yatsansa a kan liƙin mariƙin. Daga ciki yana jin Hagar na buɗe durowa tana rufewa da ƙarfi, don ya ji.

Ranar Lahadi aka tashi daga coci rana tsaka. Mutane suka yi ta riƙe hannunsa. Wani tsoho ya ce Ma ce ta sa masa suna. Wata mata ta ce Ma ta taɓa marinta a gaban kowa saboda ta zagi uwarta, kuma har yau tana godiya. Scipio ya gyaɗa kai ga kowa. Kai kaya maƙabarta kuwa aikin 'yan gida ne, don haka su uku suka kama hanya: Hagar a gaba da ƙunshin a hannu, Lavinia na bin ta a hankali da katantanwar Ma cikin jaka, shi a baya.

Maƙabartar na ƙarshen tsibirin, a bakin ruwa, ƙarƙashin itatuwan da wata ciyawa ke lilo a rassansu kamar furfurar gemu. Duk kaburburan gabas suke kallo. A kan tsofaffin akwai kwanuka da tulunan da ƙasa ta cinye rabinsu, da kan fitila, da wata butar shayi da Scipio ya sani, ta yayarsu Phibby ce. Na Ma sabo ne, ƙasar ja, furannin coci sun fara yaushi.

Hagar ta durƙusa da ƙyar, ta kwance ƙyallen. Ta karɓi katantanwar ta juya ta a hannu tana neman inda Ma ke kamawa. Ta buga farantin. Bai fashe ba. Ta sake. A na uku ya rabe gida biyu.

"Ma bugu ɗaya take yi," in ji Scipio.

"Ma na kwance. Zo ka yi in ka iya."

Bai matsa ba. Ta fasa kwalbar, ta fasa gilashin fitilar, ta lanƙwasa cokalin a gefen dutse, ta karya matajin. Agogon ta huda masa fuska ta jingina shi wajen kai. Ta jera su tsaf. Sannan, tana durƙushe, ba ta waiwayo ba, ta miƙo hannu baya, tafin a buɗe.

"Kawo."

"Me?"

"Bubba, watan Agusta ne. Kare ma inuwa yake nema. Kwana biyu kana yawo da kwat, kuma kwat ɗin ya karkace gefe guda kamar jirgin da ya sha ruwa. Kawo."

Ya fito da shi. Bai miƙa ba.

"Doka ta ce abin da mamaci ya taɓa a ƙarshe," ya ce. "Ba ita ta sha da shi a ƙarshe ba. Ni ne."

Hagar ta juyo gaba ɗaya. "Yaushe?"

"Da na dawo daga rafi."

"Tana zaune a wurin? Ta riga ta…"

"Ta ce za ta ajiye min. Ta ajiye."

Hagar ta dafa ƙasa. Lavinia ta kama ta ta miƙe. Hagar ta tsaya tana kallon wanta, leɓenta na motsi ba sauti, kamar mai ƙirga jikoki.

"Ka sa bakinka a inda ta cire nata," ta ce a hankali. "Kai da ka girma a gidan Ma Rinah. Ka san abin da ya sami matar ɗan'uwanmu July da ta ɓoye lofen tabarsa bayan ya rasu. Shekara ba ta zagayo ba."

"Matar July ciwon suga ne ya kashe ta. Da cokali take shan zuma."

"Kar ka yi min wasa a nan."

"Ba wasa nake ba." Ya juya kofin a tafinsa. "Ba na Ma ba ne, Hagar. Na Pa ne."

Ya faɗa mata. Bai ja ba, magana biyar ko shida: katakon, taɓon, bakin rigar, abin da Ma ta ce masa. Da rabin da ake zubarwa a gindin ɓaure.

Hagar ta sunkuyar da kai. Ba ta tuna fuskar mahaifinsu. Abin da take tunawa, ta sha faɗa, warin taba ne da wani hannu mai kaushi a kanta, kuma ba ta da tabbas ko nasa ne.

"Ƙarya kake," ta ce.

"Jiya kika ce ban iya ba."

Ta kalli kabarin. Ta kalli na Phibby, da na July, da sauran ukun a jere, kowanne da kayansa a kife.

"Ta fasa na 'ya'yanta biyar," ta ce. "Ina tsaye. Na Phibby na roƙe ta ta bar min butar nan, ta ce min doka ba ta san roƙo ba. Ashe tana da nata a kan kantar kicin, kullum ina wanke mata." Ta share hanci da bayan hannu. "Tsohuwar nan. Tsohuwar nan kenan."

Iska ta taso daga ruwa ta motsa gemun itatuwan. Lavinia ta sa hannu a ƙasan cikinta. Scipio ya gani, ya kawar da ido.

"Ya zo?" in ji Hagar. Muryarta ta koma ta yarinya. "Pa. Ya taɓa zuwa?"

"Sau ɗaya na tambaye ta. Shekara biyu da suka wuce."

"Me ta ce?"

"Ta ce, bai zo ba tukuna."

Hagar ta rufe baki da hannu. Da ta sauke hannun, ta gyara tabarau, ta sake zama Hagar ɗin da ke tsare ƙofar coci.

"To ta je ta same shi yanzu. Zancensu ya ƙare. Ka ba su kofinsu su sha tare a can." Ta nuna Lavinia da haɓa. "Dubi yarinyar nan. Saura mata mako huɗu. Kana so a zo nema a gidan da ake jiran haihuwa?"

"Savannah za ta koma gobe. Ma ba ta ƙetare gada in ba dole."

"Kawu Sip," in ji Lavinia a hankali.

"Inda kofin yake nan za ta zo," ya ce. "A baranda zai kwana. Ni kaɗai ne a gidan."

"Abin da nake faɗa kenan, jakin tsoho." Idon Hagar ya cika, ba ta share ba. "Ka ɗauka saboda yarinyar nan kaɗai nake? Mu biyu muka rage, Bubba. Ba wanda ya rage a duniya da ya san ni da kitso biyu sai kai. Ba na son in shimfiɗa farin ƙyalle in jera naka kafin Kirsimeti."

Bai yi tsammanin wannan ba. Ya dubi ƙanwarsa, gajeriya, gwiwoyin rigar cocinta duk jar ƙasa. Ya tuna ta ɗaure a ƙirjin Ma, ruwa har wuya, ba ta ko kuka don tsoro. Abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma ya san tana da haƙƙi a kansa.

Ya kuma san gobe zai farka kafin rana, kamar kullum. Zai ɗora ruwa. Kujeru biyu ne a baranda. Sau ɗaya tak aka ce masa zauna bai zauna ba, saboda ƙaguwa tara.

Hagar ta ɗauko katantanwar ta miƙa masa da hannu biyu.

"In ba ka son ni in taɓa, kai ka yi da hannunka. Bugu ɗaya. Ka ce mata ga naki nan, kwanta. Sai mu je gida in zuba maka shinkafa."

Scipio ya kalli katantanwar. Ya kalli jar ƙasar. Ya share bakin kofin da babban yatsa, ya mayar da shi aljihu, ya ɗora hannu a kai.

"A'a," ya ce. "Ba zan fasa ba."